Babi na Shida: Bashin da Edita ke Ci a Ɓoye

Manhajar rubutu, wadda masu sana'ar kwamfuta ke kira edita, tana da wata siffa da ta raba ta da yawancin manhajoji: ba ta tashi daga aiki. Manhajar lissafin albashi ana kunna ta, ta karanta lambobi, ta ba da amsa, ta rufe, duk abin da ta ci na ma'adanar kwamfuta ya koma inda ya fito. Edita kuwa akan buɗe shi da safe a bar shi har dare, wani ma nasa yakan yi mako biyu a buɗe, kuma a tsawon wannan lokaci duk maɓallin da aka latsa sai ya sauya wani abu a cikinsa: inda manuni yake, adadin layuka, tarihin gyare-gyaren da ake ajiyewa saboda mai son komawa baya. Don haka ɗan sakacin da ba zai taɓa bayyana a manhajar minti ɗaya ba, a cikin edita yana samun sararin yin ƙiba. Editan da zan kafa hujja da shi shi ne Yi, wanda Don Stewart ya fara rubutawa a 2004 yana ɗalibin digiri na uku a Jami'ar New South Wales da ke Sydney a Ostireliya, daga baya ragamarsa ta koma hannun Jean-Philippe Bernardy na Jami'ar Chalmers a Suwidin. Da harshen Haskell aka rubuta shi, yana kwaikwayon maɓallan editocin Vim da Emacs, kuma da Haskell ɗin ne mai amfani da shi ke saita shi yadda yake so. Ra'ayina a kan irin wannan manhaja shi ne, duk bayanin da zai daɗe a cikinta a tsaurara shi tun ranar da aka zana shi, kuma duk tsaurin da aka ƙara bayan an gano matsala a rubuta dalilinsa a rajistar kurakurai tare da awo da gwaji, in ba haka ba gyaran ba zai yi ƙarko ba.

Kafin a gane me ake nufi da tsauri sai an san halin Haskell. A 1987 wasu masana suka haɗu a wani taro a birnin Portland na Amurka, suka ga harsunan kwamfuta masu bin tsarin lissafi sun yi yawa, kowa da nasa, sai suka kafa kwamiti ya fitar da guda ɗaya na bai-ɗaya. Rahoton farko ya fito a 1990, aka raɗa wa harshen sunan Haskell Curry, masanin ilmin manɗiƙi. Abu biyu ne ginshiƙinsa. Na farko, abin da aka rubuta ba a goge shi. In ana son sauyi sai a ƙirƙiri sabo daga tsohon, a bar tsohon yadda yake. Na biyu, ba a yin lissafi sai an buƙaci amsarsa. In aka ce wa Haskell ya ƙara ɗaya a kan wata lamba, ba ya ƙarawa nan take. Yakan rubuta 'yar takarda ne mai cewa ga lambar, ga aikin da za a yi mata, duk ranar da wani ya nemi amsa sai a yi. Masu harshen suna kiran wannan ɗabi'a da kalmar da ke nufin ƙyuya, ni kuwa zan ce mata jinkiri, 'yar takardar kuma in ce mata takardar bashi, domin abin da take ke nan: aikin da aka ɗauka ba a biya ba. Kishiyar jinkiri shi ne tsauri, wato biya lakadan, a yi lissafin a ajiye amsa tsurarta. Ba don ganganci aka zaɓi jinkiri ba. John Hughes, a wata maƙala da ya rubuta a 1984 aka buga ta a mujalla a 1989, ya nuna cewa jinkiri na ba mai rubuta manhaja damar raba ɓangaren da ke samar da bayani da ɓangaren da ke cin sa. Na farko ya bayyana jeri mai tsawon da ba shi da iyaka in ya ga dama, na biyu ya ɗebi iya buƙatarsa, sauran kuma ba za a taɓa wahalar lissafa su ba.

To, ga yadda wannan alheri ke komawa nauyi a cikin edita. A tsarin Yi, halin da edita ke ciki gaba ɗaya kundi ne guda mai gurabe da yawa, kuma kowane latsi yana karɓar tsohon kundi ya fitar da sabo. A ce akwai gurbin da ke ƙirga yawan gyaran da aka yi wa wani fayil, kuma ba a nuna wannan adadi a kan allo. Kowane latsi zai ce a ƙara ɗaya, Haskell ya rubuta takardar bashi mai nuni ga takardar da ta gabace ta, ita ma tana nuni ga wadda ta gabace ta, har sarƙar ta kai ga lokacin da aka buɗe fayil ɗin. A kwamfuta mai bit 64, irin wannan takarda tana cin bayit 24 a hannun GHC, wato tafintan da ke juya Haskell zuwa harshen na'ura. Latsi dubu goma ke nan bayit 240,000, abin da bai taka kara ya karya ba. Masifar tana wani wuri. Takardar bashi tana riƙe da duk abin da za a buƙata ranar biya. In an rubuta lissafin ta yadda zai ɗauko lambar daga cikin tsohon kundi, to takardar tana riƙe da tsohon kundin ɗungurungum, da rubutunsa, da launukansa, da tarihinsa. Haskell yana da mai shara, wani sashe da ke zagayawa yana kwashe duk abin da babu mai nuni gare shi. Amma mai shara ba ya taɓa abin da ke da mai shi, kuma a nan kowane tsohon kundi yana da takardar da ta ce nata ne. Wannan shi ake kira yoyon ma'adana. Edita zai ci gaba da nuna rubutu daidai, harafi ko ɗaya bai ɓata ba, sai dai kullum yana ƙara nauyi, har ranar da wani ya nemi ganin adadin nan, a taso da bashin dubban latsi a biya shi lokaci guda, allo ya daskare.

Maganin a rubuce ƙarami ne ƙwarai. A Haskell, in aka sa alamar motsin rai a gaban wani gurbi lokacin da ake bayyana siffar kundi, an ce ke nan wannan gurbi ba ya karɓar bashi: duk mai son zuba wani abu a ciki sai ya kammala lissafinsa tukuna. Wanda ya buɗe rubutun Yi zai tarar da wannan alama jere a gaban guraben manyan kundayensa. Tun fitowar GHC 8.0 a 2016 ma akwai wani saiti mai suna StrictData da ke mayar da dukkan guraben da aka bayyana a fayil ɗin manhaja masu tsauri, sai wanda aka keɓe da gangan. Akwai kuma ribar ƙafa: ƙaramar lamba a gurbi mai tsauri, tafinta yakan cusa ta kai tsaye cikin kundin a bayit 8, maimakon ya ajiye ta a wani akwati dabam ya riƙa nuni gare ta. Haka zancen yake game da rubutun kansa. Hanyar asali ta ajiye rubutu a Haskell ita ce jeri mai jinkiri, kowane harafi da mahaɗinsa, kuma mahaɗin kaɗai bayit 24 ne. Fayil mai haruffa miliyan ɗaya zai ci aƙalla megabayit 24. Mai rubutun Hausa ma yana da ƙarin kaso a nan, domin GHC yana da akwatunan da ya tanada tun farko na haruffa 256 na farkon jadawalin Unicode, kowa ya yi tarayya a kansu, amma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ suna wajen wannan iyaka, don haka kowannensu yana iya buƙatar nasa akwatin na bayit 16, jimilla 40. A tsarin UTF-8 kuwa bayit 2 kacal kowannensu ke ci. Shi ya sa Yi ba ya ajiye rubutu a irin wannan jeri. Yana amfani da abin da ake kira igiya, dabarar da Boehm da Atkinson da Plass suka bayyana a 1995: a yanka rubutu gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a cure take babu bashi a cikinta, sannan a rataye su a jikin wata bishiya da ke riƙe da adadin haruffa da layukan kowane reshe.

Sai dai alamar motsin rai tana da iyaka, kuma rashin sanin iyakar ne ke sa mutane su ɗauka sun gama alhali da saura. Tsaurin da take tilastawa na fatar waje ne kawai. In gurbin yana ɗauke da lamba, shi ke nan, lamba ba ta da ciki. In kuwa yana ɗauke da jeri, alamar za ta tabbatar an san ko jerin fanko ne ko yana da na farko, amma abin da ke cikin na farkon da duk sauran jerin suna iya zama bashi. Kamar a buɗe buhu ne a tabbatar buhu ne, ba a duba ko hatsi ke ciki ko takardun alkawarin hatsi ba. Taskar containers, wadda kusan kowace manhajar Haskell ke amfani da ita, tana da hanyoyi biyu na zuba abu a cikin jadawali, mai jinkiri da mai tsauri, kuma jadawalin da suke samarwa iri ɗaya ne a idon tafinta, ba zai yi ƙorafi ba in an kira wadda ba ita ake nufi ba. Ke nan tsauri ba ado ba ne da ake yayyafawa. Tambaya ce da ake bi da ita daga babban kundi zuwa ƙananan da ke cikinsa, hawa-hawa: wannan abu zai daɗe? In zai daɗe, wa ke tilasta biyan abin da ke cikinsa, kuma yaushe?

Mai karatu zai iya cewa, in haka ne me ya sa ba za a yar da jinkirin gaba ɗaya ba? Ai OCaml yana nan, harshe ne mai bin tsarin lissafi kuma lakadan yake biya, haka ma Idris da aka ƙirƙira bayan Haskell. Wannan magana tana da nauyi, kuma manyan masana sun daɗe suna yin ta. Amma Yi da kansa ya ba da amsar. Edita na masu rubuta manhaja yana rina kalmomi da launi gwargwadon matsayinsu a nahawun harshen, kuma kafin ya yi haka sai ya feɗe rubutun ya gane tsarinsa. In fayil yana da layi dubu ashirin, taga kuma tana nuna hamsin, feɗe dukkansa a kowane latsi ɓarna ce da za ta sa yatsa ya riga allo. A 2009 Bernardy ya gabatar da maƙala a taron shekara-shekara na masu Haskell inda ya nuna yadda Yi ke warware wannan da jinkiri: ana bayyana bishiyar nahawun fayil ɗin gaba ɗaya kamar an gama ta, amma iya rassan da taga ta nema ne ake lissafawa, sauran suna nan a matsayin bashin da galibi ba za a taɓa biya ba, domin latsi na gaba zai zubar da su. Wannan bashi ne mai amfani, saboda gajeren rai gare shi. Ita ma bishiyar da igiyar Yi ke rataye a kanta, irin wadda Ralf Hinze da Ross Paterson suka wallafa a 2006, saurinta ya dogara ne a kan jinkirin da aka bari da gangan a ƙashin bayanta, bisa hanyar da Chris Okasaki ya shimfiɗa a littafinsa na 1998. Wanda ya bi ta da alamar motsin rai ko'ina zai rushe lissafin da aka gina ta a kai. Saboda haka layin da nake ja yana tsakanin abin da ke wucewa da abin da ke zama. Abin da aka samar domin a cinye shi yanzu, a bar shi da jinkirinsa. Abin da za a ajiye a kundi ya kwana, a biya shi kafin a ajiye.

Wani kuma zai ce ai wannan aikin tafinta ne. Gaskiya ne GHC yana binciken tsauri da kansa, dabarar da ta samo asali daga aikin Alan Mycroft a 1980: in ya tabbatar lallai za a buƙaci wata amsa, sai ya lissafa ta nan take ba tare da rubuta takarda ba, kuma yana yin haka da ƙwarewa a cikin ƙananan lissafai. Amma an ɗaure masa hannu da sharaɗi guda, ba shi da izinin sauya ma'anar manhaja. Abin da aka zuba a gurbin kundi, tafinta ba shi da hanyar sanin ko za a nema bayan awa uku ko ba za a nema ba har abada, domin wannan ya rataya ne a kan maɓallin da mutum zai latsa. In ya lissafa abin da ba za a nema ba, kuma lissafin ya zamo mai faɗuwa ko marar ƙarewa, ya kashe manhajar da da za ta rayu. Don haka dole ya bar shi bashi. Mai zana kundin ne kaɗai ya san niyyarsa. Masu cewa ma'adana ta yi araha a yau, a bar yoyon ya yi ta yi, su ma sun manta da yadda mai sharar GHC ke aiki. Wanda aka saba amfani da shi yakan tsayar da manhaja ya bi duk abin da ke raye ya kwafe shi zuwa sabon wuri, don haka tsawon tsayawar babban zagaye yana ƙaruwa ne da yawan abin da ke raye. Tsoffin kundayen da takardun bashi suka riƙe duk rayayyu ne a idonsa. Ko kwamfuta tana da ma'adanar da ba za ta cika ba, mai rubutu zai ji ɗan tsaikon nan a yatsunsa, kuma edita da ke sa mutum jiran harafinsa ya rasa dalilin wanzuwarsa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan ra'ayina ita ce ta masu bin gargaɗin Donald Knuth na 1974, cewa gaggawar gyaran sauri kafin a auna ita ce tushen ɓarna mai yawa. A bari matsala ta bayyana, in ji su, sannan a auna a gyara. A yawancin al'amura ina tare da su. A nan kuwa sai an dubi irin wannan kuskure da kyau, domin bai yi kama da sauran ba. Kuskuren da aka saba da shi yana ba da amsar da ba daidai ba: an nemi goge kalma ya goge layi, mai amfani ya gani, ya faɗi abin da ya latsa, mai gyara ya maimaita ya kama shi. Yoyon ma'adana kuwa amsarsa daidai take ko yaushe. QuickCheck, manhajar gwajin da Koen Claessen da John Hughes suka fitar a 2000, tana iya jefa wa igiyar rubutu ɗaruruwan misalai na kan-mai-uwa-da-wabi ta tabbatar yanka da haɗawa suna dawo da abin da aka fara da shi, amma lambar da aka biya da wadda ake bin bashinta duk ɗaya suke a wurinta. Sannan inda ciwon ke bayyana ba nan aka ji shi ba. Mai kawo rahoto zai ce edita ya daskare da ya nemi adana fayil, alhali adanawar ba ta da laifi, ita ce kawai ta fara neman amsar da wani sashe dabam ya yi awanni yana tarawa. Haka in lissafin da aka jinkirta yana ɗauke da faɗuwa a cikinsa: zai wuce shingen da aka kafa domin tare ta, ya shiga kundi ya kwanta, ya tashi a lokacin zana allo, wataƙila ya tafi da aikin da mutum bai adana ba. Har ƙararrawar da ke tona asirin irin wannan sarƙa a da ta yi shiru. GHC yana da wani ɓangare na ma'adana inda yake jibge lissafin da aka fara ba a ƙarasa ba, kuma a da iyakarsa megabayit 8 ce, doguwar sarƙa takan cika shi manhaja ta faɗi da saƙo bayyananne. Daga fitowa ta 7.8 a 2014 aka ɗaga iyakar zuwa kashi 80 cikin ɗari na ma'adanar kwamfutar. An huta da faɗuwa, amma yoyon ya samu wurin ɓuya. Kuskuren da ba ya nuna kansa, jiran ya bayyana ba dabara ba ce.

Daga nan ne zancen rajistar kurakurai ya shigo, wato wurin da ake rubuta kowace matsala da lambarta, da wanda ya gan ta, da abin da aka yi a kanta. Rahoton da ya ce edita yana nauyi bayan an daɗe ana aiki gaskiya ya faɗa, amma babu mai iya kama ta da hannu. Kafin ya zama abin aiki sai an mayar da shi lamba: wane fayil, mai girman nawa, wane jerin latsi aka maimaita sau nawa, ma'adana ta tashi daga nawa zuwa nawa. Kayan yin wannan sun daɗe da samuwa. Colin Runciman da David Wakeling sun wallafa dabarar zana taswirar ma'adana a 1993, hoton da ke nuna, daƙiƙa bayan daƙiƙa, wane irin abu ne ya cika wuri kuma wa ya samar da shi. GHC ya gaji wannan dabara, kuma yoyo a irin wannan hoto ba ya ɓuya: tudu ne da ke hawa ba ya sauka. Neil Mitchell, wanda ya rubuta maƙala a kan yoyon ma'adana a mujallar ACM Queue a 2013, ya yaɗa wata hanya mai sauƙi: a ƙuntata wurin jibge lissafin nan da gangan lokacin gwaji, a mayar da shi ɗan mitsitsi, sai duk wata doguwar sarƙa ta faɗi ta nuna inda take. Wato a dawo da ƙararrawar da aka cire, amma a ɗakin gwaji. A 2020 kuma Edsko de Vries na kamfanin Well-Typed ya fitar da taskar nothunks, wadda aka gina saboda manhajar Cardano da ke aiki dare da rana: tana bin kundi lungu-lungu, in ta ci karo da takardar bashi a inda aka ce ba a yarda da ita ba sai ta faɗi sunan gurbin. Da wannan, maganar cewa kundin edita ba ya ɗauke da bashi ta tashi daga fata ta zama abin da na'ura ke dubawa bayan kowane latsi na gwaji.

Za a ce wannan duk ɗawainiya ce da ta fi ƙarfin aikin sa-kai. Yi ba kamfani ba ne, mutane ne ke ba da lokacin hutunsu, kuma wanda ya gano yoyo da tsakar dare ya toshe shi da harafi ɗaya, a ce kuma sai ya zauna ya cika rahoto? Ina ganin ƙanƙantar gyaran ita ce babbar hujjar rubuta shi. Alamar motsin rai ba ta faɗin dalilinta. Bayan shekara biyu wani sabon hannu zai zo yana sake fasalin kundin, ya ga alama a nan babu a can, ya ɗauka son rai ne, ya cire ko ya manta da ita a sabon gurbi, dukkan gwaje-gwajen amsa su wuce lafiya, yoyon ya dawo ba wanda ya sani. Aikin sa-kai kuwa shi ya fi kowane sauya hannu. Yi ya tashi daga Stewart zuwa Bernardy, daga shi zuwa wasu, kowa ya tafi da abin da ke kansa. Masu GHC, waɗanda su ma da yawansu 'yan sa-kai ne, sun daɗe da gane haka. A wurinsu gyaran kuskure yakan zo da gwajin da aka sa wa lambar rahoton a matsayin suna, harafin T sannan lambar, kuma suna da rukunin gwaje-gwaje da ke auna yawan ma'adanar da aka ci, su faɗi in ta wuce iyakar da aka amince. Da suka ƙaura da rajistarsu daga dandalin Trac zuwa na GitLab a 2019 sun tafi da lambobin rahotanninsu yadda suke, saboda dubban wurare a cikin rubutun tafintan suna nuni gare su. Wannan kulawa ba ta wuce kima ba. Rajistar Yi ta taɓa zama a dandalin Google Code kafin aikin ya tattara a GitHub, kuma Google ya rufe wancan dandali a farkon 2016. Rajista ma gidan haya take zaune, don haka dalilin kowane tsauri ya kamata ya kasance a wuri biyu, a rahoto da kuma a layi ɗaya na bayani kusa da gurbin kansa.

Ban ce tsauri kyauta ba ne. Gurbi mai tsauri yana sa a lissafa abin da wataƙila ba za a nema ba, kuma in lissafin mai tsada ne, kamar ƙirga kalmomin babban fayil, an ɗora wa kowane latsi kayan da ba nasa ba. Akwai kuma wata dabara a Haskell inda abu ke nuni ga kansa tun kafin a gama gina shi, wadda jinkiri ne kaɗai ke sa ta yiwu, tsauri kuwa ya mayar da ita zagayen da ba ya ƙarewa. Irin waɗannan gurabe suna nan, kuma daidai ne a bar su da jinkiri. Sai dai su ne ya kamata su kawo hujja. A kundin da zai yi kwanaki a raye, gurbi mai jinkiri shi ne baƙo, a rubuta a gefensa me ya sa aka bar shi, wa zai biya bashinsa, kuma me yake riƙe da shi kafin a biya. Mai karatu da ke rubuta edita, ko sabar intanet, ko kowace manhaja da ba ta tashi daga aiki, ya buɗe babban kundinsa yau ya bi gurabensa ɗaya bayan ɗaya da wannan tambaya. In kuma aka kawo masa rahoton yoyo ya toshe, kada ya rufe rahoton sai ya haɗa shi da gwajin da zai faɗi ranar da wani ya cire alamar.